Tokar da Ba Ta Cikin Takarda

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Nas Liyatu ce ta ba ni wannan littafi yau a ɗakin wankin ƙoda. Ta ce in riƙa rubuta kowane magani da mijina Baban Beauty ya sha, da lokacin da ya sha, da abin da ya ci, da abin da maganin ya yi masa. Na ce to. Gaban littafin nata ne. Na juya shi ta baya, nan kuma nawa ne, ni Miriyamu matar Zacharia, tunda ba wanda ya taɓa tambayata abin da ciwon ya yi mini.

Wata biyar ke nan muna hawa injin nan, Litinin da Alhamis, daga Vimtim zuwa cikin gari a keke mai ƙafa uku. Na ce "muna" ko da yake shi ake soka wa allura, ni benci nake ɗumamawa awa huɗu.

Magungunan da suka dame mu uku ne. Akwai ɗan ja na ƙarin jini, mai tayar masa da zuciya da mai da bayan gida baƙi. Akwai na hawan jini mai sa jiri, wanda Nas ta ce ranar inji kada ya sha sai an sauke shi. Sai babban fari, wanda shi ya sa wa suna alli. Ya ce shekara talatin da biyar yana rubutu da alli a firamare, yanzu alli ya zo ramuwa. Shi allin nan sai a tsakiyar cin abinci ake tauna shi, don ya kama abin da ke cikin abincin mai sa ƙaiƙayi da cin ƙashi. In ba abinci, ba amfanin alli.

To matsalar ke nan. Mutumin nan ba ya cin abinci.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan abincin rana

Loma uku. Ya ture kwano ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi, kamar ya tsotsi makulli.

Ni fa ba yabon kai ba, shekara ashirin duk bikin da za a yi a cocinmu ni zumuntar mata ke miƙa wa ludayi. Yau ga shi an manna mini takarda a bango: ban da gishiri, ban da magi, ban da kanwa, ban da ayaba, lemu, dankali, tumatir mai yawa. Ruwa kwalba ɗaya a yini, har miya a ciki ake lissafawa. Wace mace ce za ta yi miya da wannan takarda ta ci sunan miya?

Kwana huɗu bai zaga ba. Bayansa duk sawun farce.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi

An ɗora shi a sikeli bayan inji, ya sake raguwa. Nas Liyatu ta ja ni gefe.

"Mama, wannan ba wasa ba ne fa. In bai ci ba, magani ba zai yi aiki ba, jiki ma ba zai ɗauki inji ba. Ki gwada albasa, citta, tafarnuwa, ki ɗan matsa lemon tsami kaɗan. Ki ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar, ba sau biyu ba."

Na ce duk na gwada. Ta ce in sake gwadawa. Yarinya ce mai kirki, amma na tabbata ba ta taɓa tuƙa tuwon mutum goma ba.

A benci na tarar da Binta, Maman Khaulat. Mijinta Malam Murtala tela ne a unguwar Yelwa, gadonsa yana kusa da na Baban Beauty, kwanakinmu ɗaya. Iyayenta daga wajen Sakkwato suka zo, amma nan aka haife ta. Da farko gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu in ta tashi salla ni ke riƙe mata jaka, in na zaga ita ke tsare mini wuri. Ta ce nata ma haka yake, ya rame har wandon da ya ɗinka wa kansa yana zamewa.

"Maman Beauty, ni tsoron kwano nake yi yanzu. In na ɗauko shi gabana faɗuwa yake."

Na ce mata ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Mun gama ɓarar masarar gonar bayan gida. Totuwa ta taru tuli a bakin rumbu, ina kallonta sai uwata ta faɗo mini a rai.

Can kan dutse inda na girma, gishirin kasuwa sai Kirsimeti. Uwata totuwar masara take ƙonawa, ko ɓawon wake, ta zuba tokar a tukunya mai huda a gindi da ta shimfiɗa wa ciyawa, ta zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a ƙwarya. Ruwan tokar nan shi ne gishirinmu, shi ne kanwarmu. Da shi aka raine mu mu tara, ba wanda ya san asibiti.

Na je na tsaya gaban takardar bango na karanta ta sau biyu da yatsa. Gishiri. Magi. Kanwa. Ba toka.

Na ƙona totuwa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Ya cinye! Miyar karkashi da tuwon dawa, ya suɗe kwano, ya tauna allinsa biyu a tsakiya ba tare da na roƙe shi ba. Da ya kai lomar farko ya tsaya ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ci gaba da ci. Da ya gama ya ce, "Maman Beauty, akwai saura?"

Na shiga kicin na yi kuka. Farin ciki ne, ban san yana da nauyi haka ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Yana ci. Ya zaga jiya. Ƙaiƙayi ya ragu. Da yamma ya fita har bakin gona da sandarsa yana yi wa awakin maƙwabta faɗa, abin da rabonsa da yi tun Ista.

A gaban littafi na rubuta: tuwo da miyar karkashi, ba gishiri. Gaskiya ce ai. Ban rubuta ɗayan ba. Nas 'yar gari ce, in ta ji toka za ta ɗauka datti nake ba shi, a shiga dogon bayani.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Sikeli bai ragu ba. Nas Liyatu ta tafa mini hannu a gaban kowa. "Mama ta yi ƙoƙari! Me kika canza?" Na ce albasa da citta, kamar yadda kika ce. Ta yi murna, ni ma na bar ta da murnarta.

Binta ba a yi mata wannan. Muna zama ta matso ta ce, "Albasa da citta ni ma ina da su a gida. Faɗa mini gaskiya." Na yi dariya na raɗa mata. Ta ce su kanwa suka sani, ita ba ta taɓa girki da toka ba. Na ce ba a hana ba, je ki duba takardarki. Ta ce don Allah in kawo mata ta gwada.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wata biyar likitoci na gaya mini abin da ban sani ba, yau ni ce na san abin da ba su sani ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan coci

Ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, da ƙyar ya hau matakalar coci. Maganin hawan jinin nan ne, na san halinsa. Na rubuta wa Nas a gaba.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Bayan inji ƙafa ta sake, ya taka da kansa har bakin titi. Nas ta karanta abin da na rubuta, ta ce za ta gaya wa likita, kuma ƙarshen wata za a ɗebi jini a duba. Ta sake tambaya ko akwai sabon abu a abinci. Na ce babu.

Na ba Binta ruwan tokar kwalba ɗaya, ta ruwan roba da na wanke. Na nuna mata da murfi: biyu a tukunya. Ta sa a jaka tana sa mini albarka har na ji kunya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Binta ta ce Malam ya ci tuwo jiya har ya nemi ƙari. Mun yi ta dariya a benci kamar 'yan mata, har wani tsoho ya ce ko biki ake yi.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

Nauyin ƙafar ya dawo, yau har da hannu. Ya ce leɓensa yana masa kamar ba nasa ba. Bai ci sosai da safe ba, sai na ƙara murfi ɗaya a miyar rana don ta ja shi. Ya ci.

Gobe shi zai karanta Littafi a coci. Na ce ya bari, ya ce tun da aka fara inji ba su sa shi ba, yanzu da suka ga ya farfaɗo suka sa shi, ba zai ba su kunya ba. Na goge masa farar rigarsa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, la'asar

Ya faɗi a gaban bagade. Muna asibiti. Yana numfashi.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta yadda ya faru.

Ya tashi, ya kai gaba, ya buɗe Littafi, ya karanta layi biyu. Sai ƙafafun suka naɗe a ƙarƙashinsa kamar tabarma. Idonsa biyu, yana kallona, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa. A motar fasto muka kawo shi. Likita Vandi, wani saurayi ɗan wajen Michika, ya sa masa wayoyi a ƙirji, ya dubi takardar da ta fito, sai ya fara kiran mutane da ƙarfi. Suka yi masa allurai, suka buɗe ɗakin inji ranar Lahadi saboda shi kaɗai.

Bayan an sauke shi likita ya zo bakin gado. Ya ce akwai wani sinadari, fotasiyam, da lafiyayyar ƙoda ke fitarwa. In ƙoda ta mutu sai ya taru, ya kashe ƙafa, daga nan ya tsayar da zuciya. Ya ce na Baba ya hau inda in da mun ƙara awa ɗaya, da wani zancen ake yi. Ya ce daga Alhamis zuwa Litinin ne ya fi taruwa, shi ya sa ya faɗi ranar Lahadi.

Sai ya juyo gare ni.

"Mama, ya ci ayaba ko lemu da yawa?" Na ce a'a.

"Kanwa fa?" Na ce a'a.

"Toka fa? Na san mutanenmu da toka. Ita ta fi duka haɗari."

Na amsa masa. Ba zan rubuta amsar ba.

Beauty tana tsaye, ta iso daga Yola ke nan ko jakarta ba ta ajiye ba. Sai Baban Beauty ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Likita, ni ne. Na ci ayaba a ɓoye. Guda huɗu, ranar Asabar."

Babu ayaba a gidanmu tun watan Mayu.

Litinin ɗin dai, ƙarfe uku

Beauty ta wanke ubanta tas, a gaban masu jinya. "Baba, kai da ka yi hedimasta! Mama tana kashe kanta a kicin saboda kai, kai kana satar ayaba kamar yaro? Kana so ka mai da ita gwauruwa?" Ya rufe ido ya ce, "Na yi kuskure, 'yata." Ni ina zaune ina ninke zanen da na riga na ninke.

Binta ta shigo gaisuwa, an ɗora nata a inji. Ta yi masa sannu, ta yi wa Beauty sannu da hanya. Da za ta fita ta riƙe hannuna ta ce, "Abin nan naki ya kusa ƙarewa fa. Allah ya saka da alheri."

Beauty ta ce, "Wane abu?" Na ce maganin sauro.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Na je gida ɗauko kaya. Na zubar da jarkar ruwan tokar a bayan rumbu, na fasa tukunyar mai huda. Tukunyar uwata ce.

Kwalbar da na bayar ƙarama ce. Binta ta ce ta kusa ƙarewa. Jiya aka wanke Malam Murtala, ranar Alhamis za a sake. Zai ƙare da kansa, ba sai an yi magana ba.

Talata, da yamma

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Baban Beauty bai yi mini zancen ba. Na ba shi kunu ya sha cokali biyu. Na so ya zage ni, ya ƙi.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Da safe na ce wa Beauty zan je kasuwa. Na hau keke zuwa Yelwa. Dabarata a hanya ita ce in ce wa Binta ruwan ya kwana da yawa ya lalace, ta ba ni kwalbar in kawo sabo, shi ke nan in bi da shi kwata. Ba wanda zai ji, ba wanda zai sani. Har na ji sanyi a raina don na ga dabarar ta yi.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta tambayi mai jiki. Na kawo zancen kwalba yadda na shirya. Sai ta yi dariya.

"Ai na hutar da ke! Maƙwabciyata Maman Divine 'yar Michika ce, da na nuna mata ta ce wannan ai abinsu ne. Jiya ta koya mini. Zo ki gani."

A bayan kicin ga bokiti da ta huda, cike da toka, yana ɗiga a roba. Robar ta kusa cika. Ruwan ya fi nawa duhu.

"Nawa ya fi naki ƙarfi ma," in ji ta. "Jiya da dare da shi na yi, yau da safe ma ya ci ɗumame."

Na ce, "Ina Malam?"

"Yana ɗaki. Ya ce yau ba zai iya taka keken ɗinki ba, ƙafarsa ta yi nauyi. Gajiya ce."

Ban san lokacin da na sa ƙafa na ture robar ba. Ruwan ya malale a ƙasa. Binta ta miƙe tana salati, tana kallona kamar na haukace.

Na ce, "Maman Khaulat, ba ayaba ba ce. Baban Beauty bai ci ayaba ba. Wannan ne ya kayar da shi. Likita ya tambaye ni na yi ƙarya. Ɗauko mayafinki, mu kai Malam asibiti yanzu."

Ta tsaya. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Lahadi.

"Ranar Litinin na riƙe hannunki."

Mu biyu da mai keke muka ɗauko shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. A keken ma fuskarta tana waje.

A asibiti Likita Vandi ya ce me ya faru. Binta ta nuna ni da baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa duka, tun daga totuwa har murfi uku na ranar Asabar, ga Nas Liyatu, ga Beauty da ta fito jin hayaniya. Likita bai tsaya yi mini faɗa ba, ya ruga. Sun ɗora Malam a inji nan take.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Malam Murtala ya tsallake. Nasa bai kai na Baban Beauty ba, amma likita ya ce da ya kwana ya ƙara cin wani tuwon, bai san abin da za a tarar ba.

Beauty ba ta yi mini magana ba tun jiya. Da safe na gan ta ta durƙusa a bakin gadon ubanta, kanta a kan katifa, shi kuma yana shafa mata kai. Na koma waje don ba wurina ba ne.

Nas Liyatu ta same ni a baranda. Na shirya jin faɗa. Sai ta ce, "Mama, sau biyu na tambaye ki." Na ce haka ne. Ta ce, "Ni ma kakata da toka take miya a Mayo Bani. Ban taɓa tunanin in sa a takarda ba, yadda aka aiko mana ita haka na manna." Ta ciro biro ta je bangon ɗakin inji, a ƙarƙashin kanwa ta rubuta TOKA da manyan baƙaƙe. Ashe ba 'yar gari ba ce. Da na faɗa mata tun ranar farko, da kalma ɗaya za ta raba ni da wannan duka.

Ta ce ranar Litinin in tsaya in gaya wa matan benci da bakina, don sun fi jin ta mai ludayi a kan ta mai allura. Na ce to. Ban san da wace fuska ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

An sallame mu. Beauty ta koma Yola. Da za ta shiga mota ta ce, "Mama, ki riƙa cin abinci ke ma." Iyakar abin da ta ce ke nan, na kuma karɓa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Na yi maganar. Mata bakwai da maza biyu. Na faɗa har ƙarshe, har da ƙaryar. Wata mata daga Mayo Bani ta dafe ƙirji ta ce ita ma tana ɗan ɗigawa a miyar kuka. Nas ta shiga da ita ciki.

Binta tana can ƙarshen benci. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Da lokacin salla ya yi ta tashi da jakarta a hannu. Na bi jakar da kallo har ta sha kwana. Ba na ganin laifinta. Da ni ce, da ko amsa gaisuwar ban yi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Mun koma gidan jiya. Miyar kuɓewa da albasa da citta da ɗigon lemon tsami, ba gishiri, ba komai. Na ɗanɗana, ni kaina ban ga abin ci a ciki ba. Nas ta canza masa lokacin ɗan jan maganin ya koma bayan abinci, ta ba shi wani na sassauta ciki, ta ce tashin zuciyar zai ragu a hankali.

Na ajiye kwano na zauna nesa. Sai ya ce in matso.

Na ce, "Baban Beauty, me ya sa ka ce ayaba?"

Ya ce, "Ke me ya sa kika ce a'a?"

Ya gutsuri tuwo yana juya shi a miya.

"Tun lomar farko na san toka ce," in ji shi. "Miyar uwata ce, yaya zan manta? Kuma ni na koya wa yara cewa a zuba toka a gona don abin da ke cikinta. Raina ya ba ni cewa abin da ke ƙara wa masara ƙarfi ba lalle ya bar mai matacciyar ƙoda ba. Sau biyu na buɗe baki zan tambayi Nas. Na fasa, don na san za ta ce a daina."

Na ce, "Ka sani ka yi shiru? Ka kusa mutuwa fa!"

"Wata biyar ban ji ɗanɗanon komai ba, Maman Beauty. Kuma wata biyar ban ga kin yi dariya a kicin ba. Ke kika dafa, ni na ci. Kar ki ɗauke laifin ke kaɗai, ki bar mini rabona."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce masa tsohon banza. Ya ce ya yarda.

Sai ya kai loma. Na ga yadda maƙogwaronsa ya yi kafin ta wuce. Ya kai ta biyu, ta uku. Ya miƙo hannu na sa masa alli, ya tauna yana yamutsa fuska, ya ci gaba. Ina ƙirgawa a zuci. A ta tara ya tsaya, ya wanke hannu, ya dube ni ya ce miya ta yi daɗi.

Na juya littafin ta gaba, wajen Nas, na rubuta mata: Tuwon dawa da miyar kuɓewa. Albasa, citta, lemon tsami, ba wani abu kuma. Alli biyu. Loma tara. Ya ce ta yi daɗi, amma ƙarya yake yi.